Karen Sitt Odet a Ɗakin Mai Gadi

Alhamis, 20 ga Yuli, da hantsi

Jiya daren idin Mar Iliyas ne na Kiristoci, Berut duk ta kama da wasan wuta. Ban runtsa ba. Ba don ƙarar ba, ni ƙara ba ta damuna. Karen nan ne.

Sitt Odet ta hawa na huɗu ta tafi Kanada wurin ɗanta, a yi mata aikin ido. A bakin ƙofa ta miƙo mini makulli ta ce, “Abu Firas, mako biyu ne kawai. Ka zuba masa abinci, ka fita da shi safe da yamma. Fustuk ba shi da rigima.” Mako biyun sun daɗe da wucewa. Wai ba shi da rigima! Tun magariba ya fara, kuma ba haushi ba, kuka ne mai ja, irin wanda ke bin ramin matakala ya sauko har ɗakina. Da na hau da safe na tarar ya kankare ƙofa har katako ya yi fari, ga jini a ƙasa daga faratansa. Shi kuma yana maƙale a bayan masai, jikinsa na ɓari.

Ni mai gadi ne. Shara, tankin ruwa, buɗe ƙofa, ɗaukar tukunyar gas zuwa hawa na shida in babu wuta. A ƙauyenmu can Siriya kare tumaki yake bi, a waje yake kwana, ba mai sa masa suna kamar ɗa. Ban taɓa shi ba. Da ƙafa na tura masa kwanon.

Juma’a, 21 ga Yuli, bayan la’asar

Hawaja Taniyos, shugaban mazauna benen, ya tare ni ina wanke dandamali.

“Abu Firas, gida muke ko daji?”

“Gida, Hawaja.”

“To wannan kurar da ke hawa na huɗu fa? Madam ba ta yi barci ba. Ka san halin da take ciki.”

Na sani. Matarsa tana fama da ciwon da ba a kiran sunansa a gidan nan, ɗakinta kuma yana ƙarƙashin na Sitt Odet daidai. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da gaskiya. Shi ne kuma ya kai ni wurin mai cire haƙori bara da motarsa. Amma da yake magana bai dube ni ba, tsintsiyar ya duba.

Na ce zan kira ɗan Sitt Odet. Ya ce, “Kira uban kowa ma. Ni dai shiru nake so.”

Asabar, 22 ga Yuli, da dare

Biki a layin baya. Ya sake kukan.

Lahadi, 23 ga Yuli, da azahar

Abu Sharbel mai janareton unguwa ya zo gyara waya, ya same ni riƙe da igiyar kare. Ya yi dariya har ya dafa bango.

“Barka da arziƙi! Yaushe aka yi suna ba a gaya mana ba? Daga yau ba Abu Firas, sai Abu Fustuk.”

“Allah ya shirye ka.”

“Amin, tare da ɗanka. Ji nan, malam, ɗan ɗiga masa arak a ruwa, zai kwanta kamar surukina bayan cin rana.”

“Ni in ba kare giya?”

“To kai shi wurin likitan dabbobi mana, ga shi can bayan gada. Akwai ƙwayar da suke bayarwa.”

Sai ya tuna, ya koma kan wayarsa. Kafin gada akwai shingen jami’ai. Takardar zamana ta mutu tun shekarar da ba na son lissafawa. Duniyata daga kemis ɗin kwana ne zuwa gidan gurasa. Da ni da karen igiyarmu kusan tsawo ɗaya.

Na tambayi mai kemis. Ta ce maganin mutane ba na kare ba ne, kada in kashe wa tsohuwa abinta. Ta ce in rufe tagogi, in kunna masa rediyo, in bar shi ya ɓuya inda yake so. Ta faɗa da kirki. Ta ce, “Kai ma ka rame, Ammu,” wato baffa. Na ce zafi ne.

Talata, 25 ga Yuli, da yamma

Na kunna masa rediyo. Wuta ta ɗauke, rediyo ya mutu, ya zauna cikin duhu shi kaɗai, yara na fasa abinsu a ƙasan taga. Ya cinye gefen labule.

Na lura da abu ɗaya. Kafin ƙarar akwai wani ɗan fito siriri, lokacin da abin ke tashi sama. Shi wannan fiton ne ke kashe shi, ba fashewar ba. Kunnuwansa su kwanta, ya ƙame, yana jira. Jiran ne. Wanda bai sani ba yana zaton ƙarar ce.

Alhamis, 27 ga Yuli, da safe

Na sami Roni, ɗan Sitt Odet, a waya. Maganarsa rabi Larabci rabi wani abu.

“Ammu Abu Firas, Mama ta ɗan... akwai abin da likitoci suka gani bayan idon. Ba za ta dawo yanzu ba.”

“Yaushe?”

“Wallahi ban sani ba.”

“Karen fa?”

“Ka yi yadda ka ga ya dace. Kada dai ka gaya mata komai, tana tambayarsa kullum.”

Yadda na ga ya dace. Yau ce rana ta farko a ƙasar nan da wani ya bar mini in ga abin da ya dace, kuma a kan kare ne.

Kafin ya ajiye ya ce da ba haka Fustuk yake ba. Tun ranar da tashar jiragen ruwa ta fashe, tagogin unguwar nan suka zube gaba ɗaya, ya zama haka. Sun same shi a ƙarƙashin gado da gilashi a bayansa. Ni na share gilashin ranar, ba sai ya gaya mini ba.

Juma’a, 28 ga Yuli

Ban je masallaci ba. Yana bayan shinge.

Lahadi, 30 ga Yuli, bayan isha’i

Hawaja Taniyos ya sauko har ƙofar ɗakina, abin da bai saba ba. Ya ce ranar sha huɗu ga Agusta, daren idin Sayyida Maryam, za a yi baikon ’yarsa Karla a saman benen nan. Dangin mijin manyan mutane ne daga garin Zahle. Za a yi wasan wuta daga kan rufinmu.

“Daga kan rufinmu, Hawaja?”

“Daga na maƙwabta zan yi? ’Yata ɗaya ce. Uwarta na son ta gani da idonta. Ji nan. Na so tun gobe Jiryis direba ya kai shi dutse ya sake shi. Madam ta ce a’a, Odet ƙawarta ce. To ga sharaɗi. In aka ji kukan nan daren baiko, ko sau ɗaya, da safe Jiryis zai ɗauke shi. Ka yarda?”

Na san abin da ake nufi da dutse. Karen da ya saba kwana kan kujera, a sake shi a bakin titi cikin karnukan juji. Ba ya kwana uku.

Na ce na yarda. Me zan ce? Ɗakin nan nasu ne, katifar ma tasu ce.

Litinin, 31 ga Yuli, da asuba

Na sauko da shi ɗakina. A nan ƙarƙashin matakala babu taga, sai ’yar kafa ta iska, kuma nesa da kan Madam. Na rataye dardumar salla a ƙusa can sama. Na ware masa kwano, na ware masa kusurwa, na ja layi da alli na ce kada ya ƙetare. Ya dube ni, ya dubi layin, ya kwanta a kansa.

Ya lashi hannuna. Na wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasar tukunyar fulawar Sitt Odet. Allah na gani.

Laraba, 2 ga Agusta, da la’asar

Sakamakon jarrabawa ya fito. Ba wanda ya sanar da ni, bindigogi ne suka sanar. Haka suke yi a nan: yaro ya ci jarrabawa, uba ya fito baranda ya zazzage harsashi a sama. Wanda ɗansa ya faɗi ma ya harba, kada maƙwabta su gane. Ba mai tambaya ina harsashin zai sauka. Ɗaya ya sauka a tankin hawa na biyar, na yini ina toshe rami da ruwa na zuba a hannun rigata.

Da na sauko na tarar ya yi fitsari a ƙarƙashin gado, ya cusa kansa cikin takalmina. Na ɗaga hannu. Ban sauke a kansa ba. Me ya yi? Da ma mutanen da ke baranda ne a gabana.

Hannun nawa ya ƙi tsayawa har magariba. Sanyin ruwan tanki ne. Ni ƙara ba ta damuna.

Alhamis, 3 ga Agusta, da dare

Matata, Ummu Firas, ta kira daga ƙauye. Layin na yankewa. Ta ce zaitun ya yi ’ya’ya kaɗan, Firas ya sami aikin gini, rufin ɗakin baya har yanzu leda ce. Sai ta ji motsi.

“Wa ke nan?”

“Kare.”

“Kare? A ɗakin da kake salla? Abu Firas, ka bar mu shekara da shekaru ka je ka zama mai renon kare?”

“Amana ce, ke.”

“Amana. Mu kuma fa, kayan aro?”

Na bar ta ta gama, tana da haƙƙi. Da ta huce na gaya mata yadda yake yi, da ɓarin jiki, da cusa kai. 

“Ka naɗe shi,” ta ce.

“Da me?”

“Da zane mana. Yadda ake naɗe jariri. Ka fara daga ƙirji, ka giciya a kafaɗa, ka zago ta ciki, ka ɗaure a baya. Da ƙarfi, amma yatsa biyu su shiga. Sannan ka ɗora tafin hannunka a ƙirjinsa, kada ka yi magana, kada ka ce masa ba komai, sun san ƙarya ne. Ka yi numfashi a hankali kawai, zai bi naka. Ka manta? Haka nake yi wa ƙaramar ’yarmu a ɗakin ƙasa in jiragen yaƙi...”

Layin bai yanke ba. Mu ne muka yi shiru. Daga baya ta ce tana da wanki.

Juma’a, 4 ga Agusta

Yau ba wanda ya kunna komai a garin nan, ranar tunawa da fashewar tashar jiragen ruwa ce. Ƙararrawar coci kawai da yamma. Ya cinye abincinsa.

Lahadi, 6 ga Agusta, da yamma

Na naɗe shi da hiramina, jan nan da na zo da shi daga gida. Karon farko ya zame, na biyu ya yi tsauri ya yi tari. Na uku ya zauna. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya saki wata ajiyar zuciya irin ta tsoho, ya kwanta.

Abu Sharbel ya leƙo ya gan shi. “La ilaha! Saura carbi da sanda ya zama dagacin ƙauyenku.”

“Ya fi dagacinmu hankali.”

“Ya fi namu ma. Me kake so, Abu Fustuk? Na ga bakinka na motsi.”

Na roƙe shi abu biyu. Daren baiko kada ya yanke mini layi ko da mai ya yi ƙasa, don fanka da rediyo su yi ta aiki. Kuma ya ɗauko mini ƙarar wasan wuta a wayarsa. Ya ce, “Garin nan kaf ƙara kyauta, kai kuma sai an ɗauko maka a waya.” Amma ya ɗauko.

Talata, 8 ga Agusta, bayan azahar

Ga yadda muke yi. In naɗe shi, in kunna ƙarar can ƙasa-ƙasa, in ba shi ɗan cuku. Fito, fashewa, cuku. Fito, fashewa, cuku. Gobe in ƙara murya kaɗan. In ya ƙi karɓa, na yi sauri ke nan, sai in koma baya. Cukun karin kumallona ne, amma ba na jin yunwa kwanakin nan.

Shi yana samun sauƙi. Jiya har ya kaɗa wutsiya da ya ji fiton.

Ni ne nake kashe wayar tun kafin ta ƙare. Batir nake tattali.

Alhamis, 10 ga Agusta

Roni bai ɗauka ba.

Asabar, 12 ga Agusta, da magariba

Na yini ina hawa da kujeru saman bene, babu wuta, a kafaɗa. Sannan akwatunan wasan wutar, manya guda-guda, masu bututu a jere. Mai kawo su ya ce, “A hankali, malam, wannan in ya tashi har tsibirin Kubrus za a ji.” Yana alfahari. Na ajiye na ƙarshe, na zauna a matakala.

Madam ta aiko a kira ni. Ta zama kamar tsinke a cikin gadon. Ta ce, “Ya ɗan Odet, Fustuk?” Na ce yana koyo. Ta ce, “Taniyos ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, bai san inda zai ajiye shi ba.” Ta ba ni kwalin alewar baƙalawa. Na ce Allah ya ba ta lafiya, ta yi murmushi irin na wadda ta san amsar.

Biki biyu a unguwa yau. Ya yi ɓari, ya yi nishi, bai yi kuka ba. Tafin hannuna a ƙirjinsa. Ban san wa ke bin numfashin wa ba.

Litinin, 14 ga Agusta, da la’asar

Na fita da shi da wuri, na zaga da shi daga kemis zuwa gidan gurasa har ya gaji. Ya ci, ya sha. Na toshe kafar iska da tsumma, na jingina katifa a ƙofa. Fanka na aiki, rediyo na aiki. Cuku a aljihu. Baƙi sun fara hawa, turarensu ya cika matakala. Wata ta miƙo mini jakarta ba ta ko dube ni ba.

Ya shirya. Na yi abin da zan iya.

Talata, 15 ga Agusta, da rana

Zan rubuta yadda ya faru, daga nan ba zan sake ba.

Fashewa ta farko da ta biyu ya karɓi cuku. Ban yi lissafi da ramin matakala ba. Abin da aka harba daga rufinmu ba daga waje yake zuwa ba, ta cikin ginin yake saukowa, bango ya amsa, ƙasa ta amsa, garin siminti ya zubo daga sama a kan fuskata. Garin simintin nan, irin na ɗakin ƙasa can ƙauye. Ɗanɗanonsa a baki.

Daga nan ban sani ba.

Na farfaɗo a ƙasa tsakanin gado da bango. Rediyo na ta surutu. Maƙogwarona kamar an kankare shi da wuƙa. Fustuk na kwance a kan ƙirjina da duk nauyinsa, cikin hiraminsa, hancinsa a wuyana. Ba ya ɓari. Yana numfashi a hankali, yana jira in bi.

Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Hawaja Taniyos ne, idanunsa ja, Jiryis na bayansa da igiya da buhu.

“Abu Firas, ba na son doguwar magana. Kowa ya ji. Uwar ango ta tambaye ni ko yanka wani abu ake yi a ƙasa. Sharaɗi sharaɗi ne.”

Da na yi shiru shi ke nan. Kare ba ya musu. Kuma na san abin da ke ɗaya gefen: ba mai ajiye mai gadin da ke kururuwa cikin dare a gidan da ke da mata da marar lafiya. In ɗakin nan ya tafi, ba ni da inda zan nufa sai shinge. Na tsaya ina kallon buhun. Buhun shinkafa ne, da sauran ƙwayoyi a gindinsa.

Na ce, “Ba shi ba ne, Hawaja.”

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta dushe kamar ta wanda aka shaƙe. Ya ji ta. Na ga lokacin da ya ji ta.

“Bai yi ko tari ba,” na ce. “Ni ne.”

Jiryis ya sunkuyar da kai. Hawaja ya dube ni, ni ɗin, ba tsintsiya ba. Ya dubi katifar da ke jingine, da tsumman kafar iska, da karen cikin jan hirami. 

“Jiryis, je ka wanke mota.”

Da muka rage mu biyu ya ciro tarin makullansa, ya yi ta fama da wani ƙarami mai tsatsa har ya fita daga zoben.

“Bayan wurin ajiye motoci akwai ƙofar ƙarfe. Matakala ce, tana sauka ƙasa sosai. A can muka ɓuya lokacin namu yaƙin, ni da uwata da ƙannena. Ba a jin komai a can.” Ya miƙo mini. “Idin Giciye saura wata guda. Ya fi na jiya.”

“Hawaja...”

“Ban ji komai ba. Uwar ango ma kurma ce, ƙarya take yi. Ka sauko da kujerun nan kafin la’asar, na haya ne.”

Ya hau. A hawa na farko na ji ya tsaya, ya daɗe kafin ya ci gaba.

Talata, da magariba

Kujeru sun sauka. Na je na buɗe ƙofar ƙarfen. Warin danshi, gadon ƙarfe biyu, hoton Sayyida Maryam da ya koɗe, da sunayen yara a bango da gawayi, kowanne da layin tsawonsa. Gaskiya ya faɗa, ba a jin komai. Ko janareton Abu Sharbel.

Wannan ne ladanmu, ni da shi: an ƙara mana zurfi.

Fustuk ya tsaya a bakin matakalar ya ƙi sauka, yana dubana. Sai na fara sauka, ya biyo ni.